BEGE A LOKACIN RASHI: JAWABIN BABBAN MAI JAWABI A BIKIN CIKAR IKKILISIYA SHEKARA 50

 Na gode wa kwamitin biki da ya ba ni wannan dama, ya kuma zaɓa mini kan magana, wato bege da dogara ga alherin Allah a lokacin rashi.

Bari mu soma da kalmar jubili ita kanta. Cikin Littafin Firistoci sura 25, Allah ya umarci Isra'ilawa su keɓe shekara ta hamsin. A wannan shekara gonar da talauci ya sa aka sayar za ta koma hannun mai ita, ɗan'uwan da ya sayar da kansa bauta zai koma gidansu, ba kuwa za a yi shuka ko girbi ba. Mu da muke zaune cikin manoma mun san nauyin wannan umarni. Ka ce wa mutumin Auyo ko Kafin Hausa ya rataye fartanyarsa damina guda, abin da zai fara tambayarka shi ne me iyalinsa za su ci. Ubangiji ya san za a yi wannan tambaya, don haka a aya 20 zuwa 22, inda yake magana kan shekarar hutun ƙasa, ya yi alkawari zai sa albarka ga amfanin shekara ta shida har ya isa shekara uku. Ashe jubilin farko gwajin bangaskiya ne tun kafin ya zama ranar anko da shinkafa.

Iyayenmu da suka kafa wannan ikkilisiya sun sha irin wannan gwaji. Sun soma taruwa ne ba da daɗewa ba bayan babban farin 1973, lokacin da shanu suka mutu, rumbuna suka zama wayam tun daga nan har ƙasar Nijar. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano. Ta amfani masu noman rani a can sama, amma mu da ke ƙasa ambaliyar da fadamunmu suka saba samu kowace shekara ta ragu. Fari ya sake dawowa a 1984. A 1992, shekara guda bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka ƙara madatsar Challawa. Tun daga nan halin Kogin Haɗejiya ya sake. Ruwa ya riƙa kwanciya rani da damina a inda dā yakan janye, kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa wajen Guri da Kirikasamma har Nguru, jan baki kuma ya samu maɓuya a cikinta yana fitowa yana cinye shinkafa da gero. Wani wuri ruwa ya ƙi zuwa, wani wuri ya zo ya ƙi tafiya. Ambaliyar 2012 da ta 2020 ba mu manta da su ba, balle ta 2022 wadda ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. Kafin mu farfaɗo aka cire tallafin man fetur a 2023, kwanon hatsi ya fi ƙarfin masu ƙaramin albashi.

Na jera waɗannan ne domin kada wani ya ce bege maganar mai ƙoshi ce. Cikin shekara hamsin ɗin nan ba a taɓa kulle ƙofar wannan ɗakin sujada saboda yunwa ba.

To, mene ne wannan bege? A nan ina so in yi gargaɗi, ko da ba zai yi wa kowa daɗi ba. Akwai koyarwar da ta yi yawa a zamanin nan, mai cewa in kana da bangaskiya ruwa ba zai ci gonarka ba, in kuwa ya ci, to ba ka ba da baiko yadda ya kamata ba. Wannan ba bishara ba ce. A 2022 ruwa bai tsaya a bakin gona ya tambayi addinin mai ita ba. Manzo Bulus da kansa ya roƙi Ubangiji har sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Abin da aka ba shi shi ne alherin da zai ishe shi ɗaukarta, kamar yadda muke karantawa cikin 2 Korantiyawa 12. Annabi Habakuk ya ƙudura zai yi murna da Allah ko da gona da garke sun tashi babu komai. Haka kuma masu bisharan nan uku na SIM da suka sauka Ikko a Disamba 1893: Walter Gowans da Thomas Kent sun mutu a 1894 ba su ga ikkilisiya ko ɗaya ba, Rowland Bingham ya koma gida da ciwo. Wa zai ce bangaskiyarsu ce ta kasa? Ga mu yau muna riƙe da Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932.

Manomin fadama ya fi mu fahimtar wannan al'amari. Idan ruwa ya cinye masa shinkafa yakan yi baƙin ciki, amma ba ya dafa irin wakensa ya cinye. Yana ɓoye shi, yana duban bakin ruwa kowace safiya. Da ruwan ya soma janyewa sai ya bi shi a baya yana shuka cikin damshin da ya bari, masunta su shiga tafkuna, Fulani su gangaro da shanu. Bai san ko kakar za ta yi kyau ba. Abin da ya sani shi ne Mai ruwan bai manta da shi ba. Begen mai bi ke nan, sai dai namu ya fi nasa tushe, gama an kafa shi a kan kabarin da aka tarar babu kowa ciki.

Saura tambaya ɗaya, ita ce kuwa ta fi damuna: ta wace hanya alherin nan yake zuwa? Sau da yawa ta hannun mutum yake zuwa. Lokacin da ruwa ya tasam ma garin nan, waɗanda suka kwana a kan jinga suna cika buhuna da ƙasa ba su tambayi gidan wa suke karewa ba. Maƙwabtanmu Musulmi sun tsaya mana, mu ma mun tsaya musu, ya kamata a rubuta wannan cikin tarihin ikkilisiya. Cikin 2 Korantiyawa 8, da Bulus yake ba da labarin gudummawar da ikkilisiyoyin Makidoniya suka tara wa tsarkaka, su da kansu suna cikin matsanancin talauci, bai kira ta kirkin mutanen Makidoniya ba, alherin Allah ya kira ta. Hausawa sukan ce rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. 'Yan'uwa, rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba. Mu ne gugan.

Saboda haka ina da roƙo biyu ga dattawa da dukan jama'a. Na farko, akwai waɗanda ke zaune a benci ɗaya yau, ɗaya yana riƙe da gonar ɗaya jingina tun shekarar ambaliya, ko yana binsa buhun da ya ranta masa da bazara a kan zai biya biyu da kaka. Ba zan kira suna ba, kowa ya san kansa. Surar nan ta jubili, aya 35 zuwa 37, ta hana cin riba a kan ɗan'uwan da ya talauce. Wanda zai iya mayar da gona ya mayar, wanda zai iya yafe bashi ya yafe, wanda ba zai iya ba ya karɓi uwar kuɗinsa kaɗai. Na biyu, ina shawartar a keɓe kashi daga hatsin godiyar kaka na bana a buɗe rumbun ikkilisiya, kada a sayar da shi duka domin gini. A damƙa makullin ga zumuntar mata, gama su suka san gidan da bai hura wuta ba. A buɗe shi cikin Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, a fara da gwauraye da marayu, kada kuma a kori maƙwabcin da ba namu ba. Fenti da sababbin kujeru za su iya jira har baɗi.

Na bar wannan shawara a hannun dattawa su duba ta a zamansu na gaba. Ubangiji ya ba su hikima. Amin.