Kuɗin Hanya: Wanda Ya Halatta, Wanda Aka Yafe, Da Inda Ake Kai Kuka

Jawabin da aka gabatar a taron magidanta a Kona, ƙaramar hukumar Jalingo



An nemi in yi bayani a kan kuɗin da ake karɓa a hannunmu bisa hanya. Da mai shiga Jalingo kullum safiya, da mai kai dabbobi kasuwar Iware, da mai ɗauko doya daga Zing, babu wanda ba a taɓa tsayarwa an ce ya kawo wani abu ba. Mukan haɗa su duka mu kira su kuɗin hanya, alhali iri-iri ne, kuma wanda bai bambance su ba shi ake cuta.

Na farko shi ne na shingen gwamnatin tarayya, wato tolget. Manyanmu za su tuna cewa a 2003 Shugaba Obasanjo ya ba da umarnin rushe su a duk faɗin ƙasar nan. A watan Agusta na 2021 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da sabon tsari na maido da su, lokacin Babatunde Fashola yana ministan ayyuka, aka ce tagwayen hanyoyi ne za a sa wa shinge. A watan Fabrairu na 2025 aka fara karɓa a hanyar Abuja zuwa Makurɗi, a wurare huɗu: Keffi, Akwanga, Lafiya da Makurɗi. Wannan ta shafe mu, domin duk wanda ya tashi daga Jalingo ya bi ta Wukari da Katsina-Ala zuwa Abuja sai ya ratsa su. Farashin da aka sanar a lokacin shi ne naira 500 ga ƙaramar mota, 800 ga jif, 1,000 ga ƙaramar bas, 1,600 ga manyan motoci, tare da rangwamen rabi ga ƙananan motocin haya. Babur da keke da mai ƙafa uku an yafe musu, haka ma motocin soja da na 'yan sanda.

Fasinjoji, ku yi wannan lissafi. Ko da bas mai mutum 14 ta biya cikakken kuɗi a shinge huɗun nan, naira 4,000 ke nan, kowane mutum bai kai naira 300 ba. Saboda haka in an ƙara muku dubu biyu a tasha aka ce tolget ne, ku tambaya cikin ladabi. Wataƙila tsadar mai ce, wannan kuwa sai a kira ta da sunanta.

To, hanyar Jalingo zuwa Wukari da ta Jalingo zuwa Numan ba tagwaye ba ne da zarar ka fita gari. Kuma dokar manyan hanyoyin tarayya ta 1971 ministan ayyuka ta bai wa ikon kafa shingen karɓar kuɗi a kansu. Ke nan igiyar da aka gitta, ko katakon da aka kafa wa ƙusoshi, ba tolget ba ne, ko da mai riƙe da shi ya sa riga mai tambari.

Na biyu shi ne harajin jiha da na ƙaramar hukuma, kuma a nan ne rigimar take. Kada mu yaudari kanmu, akwai wanda ya halatta. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota, da ba da lasin na keke da baro da amalanke da kwalekwale. Kuɗin tasha da na rumfar kasuwa haƙƙi ne, a biya. Abin tambaya shi ne wa ke karɓa, a ina, kuma da wace takarda. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta hana kowa, har da hukumar haraji, datse hanya don karɓar haraji, ta kuma sa tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara 3. Sai dai a 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar ƙaramar hukumar Uyo da gwamnatin Akwa Ibom, ta ce dokar ta ci karo da tsarin mulki. Na faɗi haka ne don kada wani matashi ya haddace ta ya je yana cika baki a gaban shinge.

Akwai kuma kuɗin da ba haraji ba ne sam. Lokacin da ambaliya ta karya gadar Namnai a 2024, abin da mutane suka riƙa biya don a tsallakar da su ladan masu jirgin ruwa ne. Irin wannan ciniki ne, a yi shi kafin a shiga.

Yanzu batun rasit, wanda ni a ganina shi ne zuciyar maganar. Rasit na gaskiya yana ɗauke da sunan hukumar da ta karɓa, da lamba, da kwanan wata, da dalilin biya, da adadin kuɗin. In ka ba da dubu aka rubuta ɗari biyar, rabin kuɗinka ya shiga aljihu. In takardar ba ta da lamba, to ba wanda zai iya bin sawunta a ofis. Wanda na'ura ke fitarwa kuwa rubutunsa yana goge kansa, musamman in aka bar shi a gaban mota rana tana dukansa, don haka a ɗauki hotonsa da waya tun a wurin. In da kati ka biya, kada ka goge saƙon banki, domin idan an cire maka sau biyu shi za ka kai bankinka. Direba ya samu ɗan littafi ya riƙa rubuta rana da wuri da abin da ya biya. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ɗansa ya rubuta masa da dare.

Mu da ake kira baƙi muna da ƙarin dalili. Sau nawa aka ce ba mu tsinana wa garin nan komai? Magidancin da ya ajiye rasit na shekara goma yana da amsa a cikin akwatinsa. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zirga-zirga da zama a ko'ina, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asalin garinsa. Babu farashin ɗan gari daban da na baƙo daban a kan hanya, kuma takardar shaidar asali ba ta da alaƙa da kuɗin tasha. Haka nan zamanmu a nan bai yafe mana komai ba. Yafewa tana bin irin abin hawa ne, ba ta bin mutum. Wanda ya manna sitikar soja a motarsa don ya wuce kyauta, laifi ya ɗauko wa kansa.

Idan sabani ya taso a hanya, ina roƙonku, kada a yi dambe, kada a taka mota a kan shinge. Ka nemi katin shaida da rasit. In an hana ka, an kuma riƙe ka da kayan gwari da za su lalace, ka biya ka wuce, amma ka riƙe wurin da lokacin da sunan fasinja biyu da suka gani. Kuma kada a mai da shi maganar ƙabila. Mai igiya yana tatsar manomin Jukun Kona kamar yadda yake tatsar Bahaushe, waɗanda suka ga tashin hankalin 2019 a wannan yanki kuwa sun san abin da ƙaramar husuma take iya jawowa. Zai fi kyau mu haɗa kukanmu da na maƙwabtanmu, mu sanar da masu unguwa da sarakunan ƙasa.

Bayan haka sai takarda. A rubuta kwafi biyu, a kai sakatariyar ƙaramar hukuma ko hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha, gwargwadon sunan da ke kan rasit, a sa a buga wa ɗaya hatimi a dawo da shi gida. In an yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan ko kwabo. Amma dokarta ta ce a kawo ƙara cikin wata 12 da faruwar abu, saboda haka kada a yi jinkiri. Takardar mutum ɗaya takan kwana a durowa, amma ta mutum 30 da suka nuna wuri ɗaya da ranaku daban-daban tana da wuyar ɓoyewa.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce a buɗe rajista ɗaya a hannun sakatare, kowa ya kawo hoton rasit ɗinsa ko labarin inda aka hana shi, a duba ta duk ƙarshen wata. Masu tambaya sai su ɗaga hannu, mu fara da direbobi.