Karya Mai Shayarwa da Ɗiyanta

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, da malamansu, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da duk inda muryarmu take kaiwa. Ku matso kusa da rediyo. Mai alli ya ɗauki allinsa, don akwai lissafi cikin hirarmu ta yau.

Yau bisa kare za mu yi magana. Mun san wani zai yi dariya, ya ce duk bisashen ƙasar nan a rasa abin zance sai kare. To, a tambayi mai garka wanda ɓarayi suka dama, ko makiyayin da dila ya ɗauke wa ɗan akuya. A arewacin Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden, Abzinawa suna da wani dogon kare siriri mai gudu. Tun wajen 1970 Turawa suka fara kai irinsa ƙasashensu, suka sa masa sunan Azawak. Malamanmu kuma sun ce ya halatta a ajiye kare don tsaron bisashe, ko tsaron gona, ko farauta. Wanda ya ajiye dabba kuwa, cinta da shanta suna wuyansa.

Cikin karya kwana 63 ne, wato mako 9. Yakan ragu ko ya ƙaru da ƴan kwanaki. In ka ga ranar da aka yi barbara, sai ka riƙa ƙidaya kasuwar garinku. Kasuwa ta tara, haihuwa ta zo. A mako ukun ƙarshe ɗiyan suke girma da sauri cikin ciki, sai a ƙara mata abinci, kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a yini.

Wane abinci? Ƙanzo da ragowar tuwo kaɗai ba su isa ba. Tana bukatar abin gina jiki: guntayen nama daga wurin mahauta, kan kifi, dafaffen wake, nono, ko ƙwai in da hali. Amma a dafa naman. Ku saurara da kyau a nan. In an yanka tunkiya ko akuya, aka ga wasu ƙululai masu ruwa a huhu ko a hanta, mutane sukan yanke wurin su jefa wa kare. Wannan kuskure ne babba. Ƙululan nan ƴaƴan tsutsa ne. Kare ya ci, tsutsar ta girma cikin hanjinsa, ƙwanta ya fita cikin kashi, ya hau ciyawa da ruwa da hannun yara. Daga nan ta koma ga tumaki, ta kuma shiga hantar mutum. Haka nan kan tunkiyar da take juwa tana zagaye wuri guda, ba a ba kare shi. A ƙone, ko a bizne da zurfi.

Mutanen Galmi su yi mana haƙuri, albasarsu ta yi suna har ƙasashen waje, amma albasa tana lalata jinin kare, ɗanya ko dafaffa. Ƙashin kaza ko na zabo da aka dafa shi ma yana tsagewa ya soki hanji.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran mako guda a gyara mata wuri. In an ƙyale ta, ƙarƙashin rumbu za ta tona rami. Da rani ba laifi, amma da damina ruwa yana cika ramin cikin dare, a wayi gari ɗiya sun mutu. A samu lungu busasshe mai inuwa, nesa da hanyar mutane, a shimfiɗa tsohon buhu ko tabarma. A makonnin farko kwikwiyo ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, sai da jikin uwa. Saboda haka in cikin dari aka haife su, watan Disamba ko Janairu, a kare su daga iska da zana. In bazara ce, inuwa da ruwan sha ga uwar su ne magana.

Ranar haihuwa za ta ƙi abinci, ta yi ta haki, tana tonon ƙasa. A kore yara, a bar ta. Kowane ɗa yana fitowa cikin wata ƴar jaka. Uwar ce take yage ta, ta ciji cibiya, ta lashe shi har ya yi numfashi. In ta gaji ba ta yage ba, sai mutum ya wanke hannu ya yage wajen hanci, ya goge ɗan da tsumma mai tsabta. Tsakanin ɗa da ɗa takan huta rabin awa, ko awa guda, wani lokaci har biyu. Amma in tana yunƙuri da ƙarfi fiye da rabin awa, kome bai fito ba, a nemi ma'aikacin kiwo ko likitan dabbobi. Kada a ja da ƙarfi.

Nonon farko, wato dakashi, shi ne kariyar kwikwiyo daga cututtuka, kuma a ranar farko kaɗai cikinsa yake iya ɗaukar wannan kariya. A tabbata kowane ya sha. Mata masu saurare, abin da ake gaya muku ke nan a likita game da jariranku: dakashi ba dauɗa ba ne, ba a zubar da shi.

Ana haihuwar su ido rufe, kunne rufe. Idon yana buɗewa da kansa tsakanin kwana 10 da 14. Kada yaro ya sa yatsa ya ce zai taimaka. Kwikwiyon da ya ƙoshi barci yake yi. Wanda yake ta kuka, ko yunwa ce ko sanyi. Ƙaramin cikinsu, wanda ƴan'uwa suke turewa, a riƙa sa shi ga nonon baya, ya fi ruwa. Wajen mako na uku da na huɗu uwar tana cin ninki biyu ko uku na abincinta na da. Kaskonta daban, kada ya rabu da ruwa. In nononta ya yi tauri, ya yi ja da zafi, ko kuwa ta kama makyarkyata ƙafafunta suka sandare, ba a kwana da wannan, a kai ta.

Yawancin kwiyakwiyai da tsutsar ciki ake haihuwar su, daga uwa suke ɗauka. Alamarta ƙaton ciki da rama. Ana ba su magani tun suna da mako 2, a maimaita kowane mako biyu har mako 8, uwar ita ma a ba ta. Gwargwadon nauyi ake bayarwa, don haka ma'aikacin kiwo ne zai auna, ba mai talla a kasuwa ba. Kaska kuwa a cire da hannu. Kada a zuba musu maganin feshin wake, ko na wankan shanu, ko kananzir. Uwar za ta lashe, su ma fatarsu ta sha, a rasa duka. A riƙa bizne kashinsu, yara kuma su wanke hannu da sabuni kafin cin abinci.

Daga mako na uku zuwa na huɗu haƙora suna fitowa, uwar ta fara gudun su. Nan ake fara yaye. A dama kunu mai kauri, a sa nono ko dakakken kifi marar ƙaya, a zuba a faifaɗan kasko, sau huɗu a yini. Ɗanyar madarar shanu takan sa su zawo.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna. Da idon kwikwiyo ya buɗe, yaran unguwa sun zo, kowa ya zaɓi nasa ya saɓa a kafaɗa. A'a. Ba a raba kwikwiyo da uwarsa sai ya cika mako 8, kasuwa takwas. Cikin waɗannan makonni yake koyon hali. In ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara, wasa ya tsaya. In ya matsa wa uwa, ta yi masa gurnani. Haka yake sanin iyakar haƙorinsa. Wanda aka ɗauke da wuri, in bai mutu ba, yakan tashi da tsoro da saurin cizo. Daga mako na uku a riƙa taɓa su a hankali don su saba da mutane. Wanda za shi garke, a bar shi ya riƙa ganin tumaki da awaki.

Kada a ba yaro kwikwiyo sai da yardar maigidansu. A tambaya: akwai abinci? Akwai aikin da zai yi? Gara a nemi masu so tun karya tana da ciki. Wanda aka kai bayan gari aka yar, in ya rayu, shi ne gobe karen da ba shi da mai shi. Mai karyar da ba ya son ƙari, ya tsare ta kamar mako uku lokacin barbara, yawanci sau biyu a shekara, ko ya tambayi likitan dabbobi aikin hana haihuwa.

Dalilin da ya sa muka dage shi ne haukan kare. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya. Cikin masu mutuwa 10, kamar 4 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka fito ga mutum, babu magani. Amma rigakafi yana nan tun 1885, lokacin da Luwi Fastor na Faransa ya fara yi wa wani yaro allurar, ya tsira. Kwikwiyo ana yi masa tasa allurar in ya kai wata 3, a ba da takarda, a kuma faɗi ranar maimaitawa.

In kare ya ciji mutum, ko ɗan kwikwiyo ne, ko ƙarzane ne kawai, a wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15. Kada a tusa toka ko ƙasa ko garin magani. A tafi likita ranar nan. Karen kuma in ba ya nuna hauka, a ɗaure shi, a sa masa ido aƙalla kwana 10, a sanar da ma'aikacin kiwo. Amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a je likita.

Ranar da za ka ba da kwikwiyo, ka haɗa da ƴar takarda. Ka rubuta ranar haihuwarsa, da ranakun da ya sha maganin tsutsa, da ranar da zai je allura. Ga misali, malam ya rubuta a allo. An haife su ran 1 ga Janairu. Mako 8 kwana 56 ne, ya faɗa ran 26 ga Fabrairu, ranar tafiya sabon gida ke nan. Wata 3 kuma ran 1 ga Afrilu, ranar allura. To, in ran 10 ga Maris aka haife su fa? Ku lissafa tare da malam, ku rubuto mana amsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.