Ɗakin da Ba Shi da Taga: Lacca a kan Noman Wiwi a Rufaffen Gida

  

An nemi in yi magana a kan wani al'amari wanda da kakanninmu manoma za su ji labarinsa da sun ce tatsuniya ce, wato yadda a Amurka da Kanada da Holan mutum yakan gina ɗaki ba taga, ya toshe kowace kafa har iska ta rasa hanyar shiga, sa'an nan ya shuka tabar wiwi a ciki, ya ƙago mata rana da fitilu masu tsananin haske, ya ƙago mata dare da kashe su, ya kaɗa mata iska da fanka, ya saukar mata da damina ta bututu. Ban zo koya wa kowa wannan sana'a ba, domin haramun ce a shari'armu, laifi ce kuma a dokar ƙasarmu. Abin da ya kawo ni shi ne mu bi asalin ɗakin, mu san wanda ya gina shi, da abin da yake ci, da abin da yake haifarwa.

Wiwi tsiro ne na fili, ba ya bukatar komai da ya wuce ƙasa da ruwa da rana, kuma a haka Ibnul Baiɗar, masanin tsirrai na Andalus, ya gan shi a lambunan Masar a ƙarni na 13. A haka kuma Amurkawa suka san shi, ana shigo musu da shi daga gonakin Meziko, har zuwa watan Satumba na 1969, lokacin da Shugaba Nixon ya sa aka tsananta bincike a kan iyaka har zirga-zirga ta kusa tsayawa. Bayan 'yan shekaru aka shiga fesa wa gonakin Meziko maganin kashe ciyawa daga jirgin sama. Da kaya suka yi wuya, sai noman ya koma duwatsun arewacin Kalifoniya. Da hukuma ta bi su can da jirage masu saukar ungulu daga 1983, sai manoman suka kwashe shukarsu suka shige ƙarƙashin rufi, inda idon jirgi ba ya kaiwa. Saboda haka, idan aka tambaye ni wa ya gina wannan ɗaki, zan ce tsoro ne ya aza harsashinsa, kwaɗayin riba ya ɗora bango, hukuma kuwa, ba da nufinta ba, ita ta zana taswirarsa.

Amma wanda ya ɓoye haske bai ɓoye zafi ba. A 1992 wani jami'i a Jihar Oregon ya auna gidan wani mutum mai suna Danny Kyllo da na'urar ganin zafi, cikin tsakar dare, daga cikin mota a bakin titi, ya ga rufin garejin ya fi sauran gidan ɗumi. Aka shiga aka tarar da shuka fiye da 100. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 2001, da alƙalai 5 a kan 4, ta yanke cewa leƙen gidan mutum da irin wannan na'ura bincike ne, ba ya halatta sai da izinin alƙali. Ɗaliban fiƙihu da ke nan za su ji ƙamshin babin hana tajassusi a cikin wannan hukunci. A birnin Harlem na Holan kuwa, a hunturun 2015, ba a ma bukaci na'ura ba: ƙanƙara ta lulluɓe rufin gidajen layi duka, ban da guda ɗaya da ta narke a kansa.

To, wannan zafin da ke tona asiri, shi ne kuma babbar asarar ɗakin, kuma a nan nake so mu ɗan zauna. Fitilar da ta maye gurbin rana tana fitar da zafi, dole a kawo na'urar sanyaya ɗaki ta kwashe shi. Shukar tana zuba danshi ta ganyenta ba dare ba rana, dole a kawo wata na'urar ta tsotse shi, in ba haka ba fumfuna ta cinye amfanin. Kuma da yake an hana iskar waje shiga, dole a sayo iskar kabon, wadda Allah ya baza kyauta a sarari, a hura wa shukar. Kowace na'ura tana gyara ɓarnar 'yar'uwarta, dukansu kuma lantarki suke sha. A 2012 wani masanin makamashi, Evan Mills, ya ƙiyasta cewa wannan noma kaɗai yana cin kashi 1 cikin 100 na lantarkin Amurka baki ɗaya, abin da ya kai dala biliyan 6 a shekara. A 2021 masu bincike na Jami'ar Jihar Kolorado suka lissafa cewa kowane kilo guda na busasshen fure yana jawo sakin iskar da ke ɗumama duniya tsakanin kilo 2,283 da 5,184, gwargwadon garin da aka noma shi, kuma sun tarar sarrafa iskar ɗakin ya fi fitilun kansu ci. Mu da muka san darajar awa guda ta wuta a ɗakin haihuwa na asibiti, ba mu da wata kalma da za mu kira wannan da ita sai israfi.

Mai hankali zai zaci cewa da aka halatta wiwi a Kolorado a 2012, da Kanada a 17 ga Oktoba 2018, za a rushe bangon a mayar da shukar fili, tunda dalilin ɓuya ya kau. Haka bai faru ba sai kaɗan. Dokar tarayyar Amurka ta hana ƙetara iyakar jiha da shi, don haka kowace jiha, har mai tsananin sanyi, sai ta noma nata. Ƙananan hukumomi da yawa ba sa son a gan shi ko a ji warinsa. Mai ɗaki yana girbi sau da dama a shekara. Masu saye kuma sun riga sun saba da na ɗaki, sun fi ba shi kuɗi. Dalilin ya tafi, abin da ya haifar ya zauna. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 790 bayan Hijira, ya daɗe da jan hankalin masu fatawa ga duba makomar ayyuka kafin yanke hukunci, kuma ban san misalin da ya fi wannan fito da hikimarsa ba.

Mafi nauyin makomar a wurina ita ce abin da ya sami tabar kanta. Wanda yake noma a ƙuntataccen wuri, cikin haɗarin ɗauri, yana biyan kuɗin wuta, ba zai yarda da shuka mai rauni ba. Zai yi ta zaɓen iri har kaɗan ya yi aikin mai yawa. Jami'ar Misisipi, wadda take auna abin da hukuma ta kama, ta nuna cewa sinadarin da ke bugarwa ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kimanin 12 a 2014. A 2019 likita Marta Di Forti da abokan aikinta suka buga bincike daga wurare 11 a Turai da Barazil, inda suka ga mai shan irin mai ƙarfi kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kusan sau 5. A Ingila kuma 'yan sanda sun sha fasa irin waɗannan gidaje su tarar da yara 'yan Biyetnam da aka yi fataucinsu, an kulle su suna ban ruwa.

Malamanmu na Malikiyya sun san yadda Imam Ƙarafi, a littafinsa Alfuruƙ, ya rarrabe tsakanin muskir (mai bugarwa) da mufsid (mai ɓata hankali) da murƙid (mai sa barci), ya sanya hashisha, wato wiwi, cikin masu ɓata hankali, alhali Ibnu Taimiyya ya haɗa ta da giya a hukunci. Dukansu sun hana, amma kowannensu ya gina maganarsa a kan siffar abin da ya gani a zamaninsa, wanda ranar Masar da Sham ta nuna. Wajibi ne mai wa'azi da likita na yau su san siffar wanda fitila ta nuna.

Domin wiwin ɗakin ya iso mana. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 10.6 sun sha wiwi a 2017, mafi yawansa daga dazuzzukan Ondo da Edo da maƙwabtansu. Amma yanzu hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, tana ta kama wani iri da samari ke kira Loud, ana ɓoyo shi cikin tsofaffin motoci a kwantena daga Kanada zuwa tashar Tinkan a Legas. Roƙona ga shugabannin sashen harhaɗa magunguna da ke zaune a nan shi ne su nemi haɗin kan hukumar, a riƙa auna ƙarfin abin da aka kama, a buga adadin kowace shekara, domin likitan da aka kawo wa yaro a ɗaure da igiya ya san abin da yaron ya sha.