Abin da Gindiri ke fata ga ɗalibanta

Makarantar sakandaren maza ta Gindiri, wadda mishan ɗin SUM ya buɗe a 1950 a ƙasar Mangu ta Jihar Filato, kuma take hannun ekilisiyar COCIN a yau, ta gaji wata fahimta daga cibiyar horar da malamai da masu bishara da aka kafa a wurin tun 1934, wato cewa ilimin littafi ba ya cika sai an haɗa shi da aikin hannu da tsoron Allah. Abin da irin wannan makaranta ke kira almajiranci, ma'ana bin halin Almasihu a rayuwar yau da kullum, ana auna shi ne a ƙananan abubuwa: ɗalibin da aka ba riƙon ɗakin kwana ya raba abinci ba tare da fifita ɗan garinsu ba, wanda ya makara sujadar safe ya faɗi gaskiya ko da zai sha horo. Sakamakon jarrabawar WAEC yana da muhimmanci ƙwarai, amma a jihar da ta sha rikicin ƙabilanci da addini tun 2001, ana fatan wanda ya kammala ya iya zama lafiya da maƙwabcinsa Musulmi, ya riƙe amanar dukiyar jama'a idan ya samu ofis.