Zaɓen Kyamara Da Gilashi Domin Sana'ar Hoton Biki



An nemi mu yi magana a kan kayan aikin da ya kamata mutum ya tanada idan yana son ya mai da ɗaukar hoton biki sana'a. Mun sani da yawa daga cikinku ba don nishaɗi suke wannan tambaya ba. Akwai wanda ya daɗe yana tara 'yan kuɗinsa na alawus, akwai ma'aikacin da ke jiran kwasar adashi, kowa da niyyar samun abin da zai riƙa rufa masa asiri ranakun Asabar da Lahadi. Kuɗi ne waɗanda ba sa taruwa sau biyu cikin sauƙi. Aikin da za a yi da su kuwa shi ma ba a yin sa sau biyu, domin ba wanda zai koma wurin waliyyi ya ce a sake ɗaura aure saboda kyamara ta ƙi tashi. Da wannan mudu za mu auna duk abin da za mu ambata a yau.

Kyamarar sana'a kashi biyu ce: akwai gangar jikinta, akwai kuma gilashin da ake ɗaura mata a gaba, wanda ake cirewa a sauya wani. Idan kun shiga kanti, abin da mai sayarwa zai fara yi muku talla da shi shi ne yawan megafiksel, watau miliyoyin ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Kada wannan ya ruɗe ku. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai ɗigo 6000 a tsawo da 4000 a faɗi, kuma idan aka wanke shi a kan ɗigo 300 a kowane inci, zai kai inci 20 da inci 13 da ɗoriya ba tare da ya dushe ba. Wane albam ne shafinsa ya wuce haka? Abin da ya haura wannan, a aikin biki, galibi cika kati yake yi da nauyaya kwamfuta.

Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce: kati nawa kyamarar take ci? Katin memori abu ne da ke lalacewa ba sallama. Kyamara mai gurbi biyu tana rubuta kowane hoto a kan kati biyu a lokaci guda, in ɗaya ya mutu ɗayan yana nan. A shekarar 2018, sa'ad da kamfanonin Canon da Nikon suka fito da EOS R da Z6, kowacce da gurbin kati ɗaya tak, masu hoton biki sun yi ta ƙorafi, kuma a 2020 sai ga EOS R6 da Z6 II sun fito da gurbi bibbiyu. Tsofaffin kyamarori irin su Canon 5D Mark III ta 2012 da Nikon D750 ta 2014 da ma suna da shi, haka nan Sony A7 III ta 2018. Mun taɓa zama da wani abokin sana'a a daren da katinsa ya ƙi buɗewa bayan ya ɗauki yinin biki tun daga hantsi har magariba, ga 'yan'uwan amarya suna ta bugo waya. Ba ma so mu sake ganin irin wannan dare.

Wannan dalili ne kuma ya sa muke cewa gwamma jiki biyu matsakaita da jiki ɗaya na ƙasaita. Wanda ya zuba dukan jarinsa a kan kyamara guda, ranar da ta faɗi a turmutsutsun ɗaurin aure aikinsa ya ƙare ke nan. Idan kuɗi bai kai ba, to, a yi hayar ta biyu a saka kuɗin cikin jinga.

Sai maganar girman farantin da ke kama haske a cikin kyamara, wanda ya maye gurbin fim. Babba daga cikin waɗanda aka saba da su yana da milimita 36 da 24, daidai da girman hoto a kan fim ɗin da kyamarar Leica ta yaɗa tun daga 1925. Ƙaraminsa, wanda ake kira APS-C, bai kai rabin girman wancan ba. Babban faranti ya fi tattara haske, saboda haka hotonsa ya fi tsabta a wuri mai duhu. Amma ƙaramin ma yana aiki, muddin an san halinsa: yana tsuke abin da gilashi ke gani da ninki 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm, da ninki 1.6 a Canon. Watau gilashi mai milimita 50 a kan ƙaramar Canon yana gani kamar mai milimita 80. Mun ga wanda bai san haka ba ya shiga ɗakin amarya yana ta ja da baya har ya dangana da bango, ƙawaye ba su shiga hoton ba.

Yanzu mu zo kan gilashi, inda muke so ku fi kasa kunne, domin a nan ya kamata kuɗinku su fi tafiya. Jikin kyamara yana tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa yakan ga bayan jiki biyu ko uku. Lambobi iri biyu ne a jikinsa. Na milimita suna nuna faɗin abin da yake gani: ƙaramar lamba faɗi, babbar lamba zuƙowa. Na biyu, masu harafin f, suna nuna girman ƙofar da haske ke bi, kuma a juye suke: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashin da akan haɗa wa sabuwar ƙaramar kyamara, mai milimita 18 zuwa 55, idan an zuƙo shi ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Gilashi mai milimita 50 da ƙofar f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kowane kamfani, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Wannan bambanci shi ne tsakanin fuskar da ta fito fes da fuskar da ta yi dishi-dishi.

Ku dubi yadda bikinmu yake tafiya. Wurin sa lalle da kamu da buɗar kai, sau da yawa a cikin gida ake, a ɗaki mai taga ɗaya ko tsakar gida bayan la'asar, ga cunkoso. Nan ake bukatar gilashi mai faɗi da babbar ƙofa, kamar mai milimita 35. A nan ne kuma 'yan'uwanmu mata suke da wata dama wadda maza ba su da ita, domin akwai gidajen da namiji ba zai wuce zaure ba, alhali kuwa rabin bikin a ciki ake yin sa. Hoton amarya ita kaɗai ya fi kyau da mai milimita 85, wanda ke sa mai hoto ya tsaya nesa kaɗan, fuska ta fito yadda Allah ya yi ta, bayan hoton ya yi laushi. Idan aka matsa kusa da gilashi mai faɗi, hanci yakan kumbura, kunnuwa su ja baya, kuma babu amaryar da za ta yafe wannan. Sai dai a kula: babbar ƙofa tana rage zurfin abin da ke fitowa sarai. In an jera 'yan anko sahu uku aka ɗauka da f/1.8, na gaba za su fito, na baya su zama hayaƙi. Hoton taro sai an tsuke ƙofa zuwa f/5.6 ko f/8.

Ƙwararru da yawa sun dogara ga gilasai biyu masu zuƙowa, mai 24 zuwa 70 da mai 70 zuwa 200, dukansu f/2.8, kowanne a kan jikinsa. Hikimar a fili take. A wurin ɗaurin aure ba ka da ikon kutsawa tsakanin liman da waliyyi da wakilin ango, sai ka tsaya inda ladabi ya tsai da kai ka zuƙo. Amma suna da tsada, kuma dogon, a ƙirarsa ta da, ya kusa kilo ɗaya da rabi. Wanda ya rataya shi yini guda wuyansa zai ba shi labari. Kamfanonin Sigma da Tamron suna yin makamantansu a farashi mai sauƙi. Mai farawa, a ganinmu, ya fara da 35 da 85, ko da 24 zuwa 70 da ɗan 50 a aljihu, ya bar dogon sai aiki ya kawo kuɗinsa.

Akwai wata matsala tamu ta musamman. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara yana ƙoƙarin mai da duk abin da ya gani ruwan toka matsakaici. To, ga ango da abokansa cikin farar shadda da tsakar rana, ga fatarmu mai duhu. Kyamara za ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuskoki su koma inuwa a ƙarƙashin hula. In ka ƙara hasken, aikin babbar riga ya ɓace. Saboda haka a nemi jikin da ke iya riƙe fari da duhu tare, a kuma ɗauki hoto a tsarin RAW, wanda ke ajiye bayanin da za a iya gyarawa daga baya. Kyamarori marasa madubi a ciki sun taimaka a nan, domin suna nuna maka hasken hoton tun kafin ka danna, sababbinsu kuma suna bin idon mutum da kansu. Filashi na ɗorawa ma wajibi ne, a rana domin cike inuwa, a zauren dina kuwa a harba shi sama ya dawo daga silin, in silin ɗin fari ne kuma bai yi nisa ba.

Marasa madubin suna da nasu aibi. Sun fi shan batir, kuma kun san halin wutar lantarki, don haka batir uku ko huɗu ba almubazzaranci ba ne. Da yawansu kuma farantinsu a buɗe yake da zarar an cire gilashi. A lokacin hunturu, sauyi ɗaya a fili ya isa ƙura ta zauna, ta bar tabo a wuri guda cikin ɗaruruwan hotuna. Wannan wani amfani ne na jiki biyu: ba sai ana ta sauya gilashi ba.

Kafin ku biya, ku tuna kowane kamfani da irin bakin da gilashinsa ke shiga. Canon ta yi amfani da EF tun 1987, Nikon da F tun 1959, kuma dukansu sun kawo sabon baki a 2018, RF da Z, tare da zoben haɗi mai karɓar tsofaffin gilasai. Wannan sauyi ya sa tsofaffin kaya masu nagarta suka yawaita a kasuwar na hannu. Mai hankali ya duba abin da abokan sana'arsa na kusa ke riƙe, domin a wurinsu zai ari batir ko gilashi ranar da ta ɓaci. In za ku sayi na hannu, ku tambayi sau nawa labulen kyamarar ya buɗe. 5D Mark III da D750 an ƙiyasta wa kowacce 150,000. Ku haska gilashin da tocila ku nemi ƙura ko tsiron danshi mai kama da saƙar gizo, ku saka kati a kowane gurbi, ku ɗauki hoton farin bango da f/16 ku duba ko akwai tabo. Idan mai kaya ya ƙi yarda a yi wannan gwaji a gabansa, ku mai da kuɗinku aljihu.

 Shugaba, in akwai masu tambaya, ga mu.