Yadda Filin Ƙwallo Ya Buɗe Mini Harshen Belarus



Da sakataren wasanni ya ji na zo gida hutu, sai ya nemi in yi muku bayani a kan wasannin ƙasar da nake karatu, watau Belarus. Na ce masa ni ba gwanin wasa ba ne, amma in an yarje mini zan yi magana a kan kalmomin wasa, domin ta nan ne na sami ƙofar shiga harshen mutanen ƙasar, bayan na shekara guda cur a cikinsu ban iya ko gaisuwa da shi ba.

Kada ku yi mamakin haka. Belarus ta sami 'yancin kanta a 1991 da rushewar Tarayyar Sobiyet, kuma tun ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta 1995 harsunan hukuma biyu gare ta, nata da Rashanci. Amma a birane Rashanci ya danne ɗan'uwansa. Ƙidayar 2019 ta nuna kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke magana da harshen Belarus a gida. Saboda haka baƙon ɗalibi Rashanci ake koya masa, da shi yake cefane, da shi yake shiga mota, har ya gama karatu ya dawo bai san ƙasar tana da muryar kanta ba.

Ga yadda tawa ta kasance. A birnin Hrodna nake zaune, wanda Rashawa ke kira Grodno. Wata rana wani abokina ɗan ƙauye, mai alfahari da harshen kakanninsa, ya ce mini, "Zautra hulyayem." Kalmar farko na gane ta, watau gobe. Ta biyu kuma na ɗauka na sani, gama a Rashanci akwai "gulyat", ma'anarta yawon shan iska. Kashegari na caɓa ado, na sa takalmin da nake zuwa biki da shi, na nufi inda muka yi alkawari. Isata ke da wuya sai na tarar da samari cikin gajeren wando suna ɗumama jiki. Ashe a harshensu "hulyats" ta haɗa yawo da yin wasa, wasan kansa kuwa "hulnya" ake ce masa. Da suka gama dariya suka tsayar da ni a raga, aka zura mini ƙwallo har sau biyar.

A ragar nan na koyi kalmata ta biyu, don ita suka yi ta kirana da ita: "bramnik". "Brama" ita ce babbar ƙofa, irin ta ganuwar gari. Mu mun ce mai tsaron gida, su suka ce mai tsaron ƙofa. Alƙalin wasa kuwa "suddzya" ne, kalmar da suke kiran alƙalin kotu da ita, daidai yadda muke yi. Ƙwallo "myac", nasara "pyeramoha", kunnen doki "niciya". In za ka faɗi wasan da kake yi sai ka sa ƙaramar kalma "u" a tsakani, ka ce "hulyats u futbol".

Akwai wata ƙa'ida da ta wahalar da abokan karatuna masu tunani da Turanci, alhali ni Hausa ta sauƙaƙa mini ita, kuma ita nake so ku saurara da kyau. Aikatau na motsi a harshen nan bibbiyu suke tafiya. Gudu yana da "byehats" da "byehci". Na farko na abin da aka saba yi ne, ko gudun da ba shi da alƙibla guda. Na biyu na gudun da ake ciki yanzu, an nufi wuri ɗaya. Wanda ya ce "ya byehayu shtodnya" cewa ya yi nakan yi gudu kullum. Wanda ya ce "ya byahu dadomu" cewa ya yi ga ni ina gudu zuwa gida. To, mene ne wannan in ban da bambancin "nakan" da "ina"? Iyo ma haka yake, da tashi sama, da tafiya a ƙasa. Ranar da na gane haka sai da na rufe littafi na yi wa malamin Hausarmu na sakandare addu'a, mutumin da muke raina darasinsa.

Rubutunsu kuma ba ya wahalar da kunne, domin galibi yadda ake faɗar kalma haka ake rubuta ta. Wasalin "o" in ba a kansa nauyin kalma ya faɗa ba, sai ya koma "a". Shi ya sa wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda Minsk ta karɓi gasarsa ta duniya a 2014, ya zama "hakey", ƙungiyar Dinamo kuma ta zama "Dinama".

Kalmar da na fi ƙauna ita ce ta magoyin baya. Rashawa suna ce masa "bolelshchik", daga aikatau mai nufin yin rashin lafiya, kamar dai ƙungiyarsa ciwo ce ta kama shi. Mutanen Belarus da yawa sun ari wannan, amma suna da tasu, "zauzyatar", watau mai naci, wanda ba ya sanyi. A ganina ta biyun ta fi mutunta ɗan kallo, ko da yake wanda ya ga yadda wasunmu ke ƙin cin tuwo in an ci ƙungiyarsu zai ce Rashawa ma ba su yi ƙarya ba.

Suna kuwa da abin yi wa naci. Olga Korbut, 'yar Hrodna, tana da shekara 17 ta ci lambar zinariya uku a wasan alkafura a gasar Olamfik ta Munik a 1972. Dinamo Minsk ta ɗauki kofin zakarun Tarayyar Sobiyet a 1982. A 2012 kuma BATE, ƙungiyar garin Barisau, ta ci Bayern Munich 3 da 1 a gasar zakarun Turai. Ka ambaci ɗaya daga cikin waɗannan da harshensu, ko da gurɓatacce ne, sai ka ga fuska ta sake.

Na ga haka da idona wajen wani dattijo mai riƙe mabuɗin filinmu. Watanni muna gaisawa da Rashanci sama-sama, sai ran da na miƙa masa mabuɗi na ce "dzyakuy", watau na gode. Ya tsaya ya dube ni, ya tambayi wanda ya koya mini, sa'an nan ya ce jikokinsa ma ba su ce masa haka. Daga ranar muka zama abokan hira. Na ba shi labarin kokawa, wadda suke kira "baratsba", ya gane nan take. Dambe na kwatanta masa da hannu. Da muka zo kan langa sai harshena ya ƙare. Iyakar abin da na iya faɗa shi ne "skakats na adnoy naze", tsalle da ƙafa ɗaya. Ya ce, to yaya ake cin wasan? Na yi shiru, domin ni kaina na manta dokokinsa. Na yi masa alkawarin amsa in na koma, saboda haka, Malam Shugaba, in akwai wanda ya yi langa da ƙuruciya a zauren nan, ina roƙonsa ya jira ni a bakin ƙofa bayan an tashi.