Ledar Rogo Da Masara: Shin Ita Ce Maganin Damuwarmu?

 

Duk wanda ya ratsa kasuwar Illela bayan ta watse ya ga yadda baƙar leda ke rufe ƙasa, ta maƙale a ƙaya, ta toshe magudanan ruwa. Mahautanmu shaida ne, sau da yawa sukan farka tumbin saniya su tarar da dunƙulen leda. Dabbar da aka yi shekaru ana kiwo sai ta rame, ta daina tuƙa, a sayar da ita a wulaƙance. Maƙwabtanmu na Nijar sun kafa dokar hana wannan leda tun 2014, amma iskar da ke kwasar ta tsakanin Illela da Ƙonni ba ta san iyaka ba.

Wasu 'ya'yanmu na birni sun ce mini magani ya samu, wai yanzu ana yin leda da rogo, masara ko rake maimakon man fetur. Gaskiya ne. Akan tatsi sitaci, a mayar da shi sukari, a bar shi ya yi tsami, sannan a sarrafa shi ya zama roba. Nijeriya kuwa ita ce kan gaba a noman rogo a duniya.

To amma a yi hattara. Wadda kamfanin Braskem na Brazil ke yi da rake tun 2010 ba ta ruɓewa, daidai take da ta fetur. Wadda ake kira PLA kuma ba ta ruɓewa da sauri sai a masana'antar takin da zafinta ya kusa digiri 60. In an yar da ita a bayan gari, akuya ce za ta riga takin. Sannan rogo da masara abincin talaka ne.

'Yan'uwa, da tsohuwar zuma ake magani. Iyayenmu da ƙwarya, kwando da sanhon kaba suke cefane, in sun tsufa ƙasa ta cinye su. Roƙona gare ku biyu ne: ku zuba jari ga matanmu masu saƙar kaba, ku kuma taimaka a ɗauki matasan da za su riƙa kwashe leda duk ranar kasuwa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya albarkaci Illela.